Ta wace ƙofa labarin lalacewar kwamfuta zai iso ga manhajarka?

Ranar wata Juma'a da safe, kashegarin cin kasuwar Maigatari, wani dattijo mai sayen riɗi da zoɓo a wani ƙauye na yankin Gumel ya kira ni a waya, muryarsa a sanyaye. Ya ce, “Malam, yaran nan sun shigar da awon jiya gaba ɗaya ina tsaye a kansu, kowane buhu aka shigar sai na'urar ta rubuta an adana, amma yau mun kunna ta babu ko rabinsa.” Na ce, “Ranka ya daɗe Alhaji, kada a ƙara shigar da komai, ga ni nan tafe.” Manhajar da ke riƙe masa lissafin ni na rubuta ta, kuma tana zaune ne a kan wata ƙaramar kwamfuta mai babbar manhajar Linux da ke cikin ɗakin awo, kusa da sikeli, tana shan wuta daga batirin sola. A cikinta ake rubuta sunan manomi, da nauyin abin da ya kawo, da bashin takin da za a cire masa, saboda haka abin da ya ɓata a ranar haƙƙin mutane ne.

Da na isa na share ƙurar da ta lulluɓe allon, na buɗe saƙonnin kanel da umarnin dmesg, na kuma duba tsofaffin rahotannin da ke ajiye, sai na tarar da ƙorafi layi a kan layi, cewa faifan ajiya ya kasa karɓar rubutu a gurbi kaza da gurbi kaza, kuma ƙorafin ya fara tun kwanaki kafin ranar kasuwa. Kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tsakanin kayan ƙarfe da sauran manhajoji, ya san abin da ke faruwa tun farko, kuma ya faɗa. Manhajata ce ba ta tsaya a inda ake faɗar ba. Tun daga ranar nake ganin duk mai rubuta manhajar da za ta riƙe lissafin shago, ko rajistar ƙaramin asibiti, ko sakamakon ɗaliban makaranta a ƙauye, ya kamata ya zauna ya zaɓi hanyar da labarin lalacewa zai riƙa iso masa, domin hanyoyin uku ne, kuma sun bambanta a wanda ke jin labarin, da lokacin da yake jin sa, da abin da zai iya yi bayan ya ji.

Kanel ba ya sanin gaibu. Abin da kayan ƙarfen suka gaya masa shi yake isarwa. Faifai yana mayar masa da amsar cewa karatu ko rubutu bai yiwu ba. Furosesa kuma, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, tana da nata tsarin binciken kanta, wanda Intel ya fara sa wa Pentium a 1993, ya faɗaɗa shi a Pentium Pro a 1995, inda wasu rajistoci na musamman ke riƙe bayanin kuskuren, idan kuma abin ya yi tsanani sai furosesar ta katse duk abin da ake yi ta miƙa wa kanel ƙara mai lamba 18. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke shafewa idan an kashe kwamfuta, idan mai ECC ne, wato mai tsarin gyara kuskure, yana ƙara bit 8 a kan kowane bit 64 na bayani, wanda da su ake gyara kuskuren bit ɗaya a gano na bit biyu. RAM ɗin da ba shi da wannan ƙari ba ya gano komai, don haka ba shi da abin faɗa, kuma zan dawo kan wannan domin a nan mafi yawan kwamfutocinmu suke.

Hanya ta farko ita ce amsar da kanel ke mayarwa a kan kowace buƙata. Manhaja ta ce a karanta mata fayil ko a rubuta, kanel ya je ya dawo, ko da abin da aka nema ko da lambar kuskure, kamar ɗan aiken da ke dawowa ya ce an samu ko ba a samu ba. Lambar da ta fi shafar mu ita ce EIO, wadda a Linux take 5, ma'anarta na'urar ta gaza. Akwai kuma EROFS mai lamba 30, wadda manhaja ke samu idan tsarin fayil irin ext4 ya ga ɓarna ya kulle kansa ya koma na karatu kawai. Kyawun wannan hanya shi ne labarin yana zuwa daidai wurin da manhajar ta san abin da take yi: ta san awon wane manomi take rubutawa, tana iya nuna jan rubutu a allo, tana iya hana a ci gaba. Ba ta buƙatar kwamfuta mai tsada ko izini na musamman, kuma kowane harshen rubuta manhaja yana da yadda yake miƙa ta.

Sai dai a cikinta akwai ramin da na faɗa. Idan manhaja ta kira write, kanel ba ya kai bayanin faifai nan take. Yana ajiye shi a RAM ya ce an gama, sai daga baya, bisa saitin asali bayan kamar daƙiƙa 30, ya kwashe shi zuwa faifai. Idan faifan ya gaza a wannan lokaci, ɗan aiken ya riga ya dawo da albishir, babu wanda ke jiran wata amsa. Muddin kwamfutar na kunne, yaran Alhaji suna ganin awon a allo domin daga RAM ake karanto musu shi, da aka kashe ta da daddare kuwa sai ya tafi. Maganin shi ne kiran fsync, wanda ke tilasta wa kanel ya kai bayanin faifai ya tsaya har faifan ya amsa, sannan ya dawo da gaskiyar abin da ya faru. A harsunan rubuta manhaja, Python yana da os.fsync tun da daɗewa, PHP kuwa bai samu fsync nasa ba sai a siga ta 8.1 a 2021. Kalmar “an adana” ba ta halatta a allo sai bayan fsync ya dawo lafiya. Wanda ya ƙirƙiri sabon fayil ko ya sauya masa suna, sai ya kira fsync a kan jakar da fayil ɗin ke ciki ita ma.

Ko a nan ma tsugune ba ta ƙare ba, kuma manyan masana sun yi tuntuɓe a wurin. A 2018 masu kula da rumbun bayanai na PostgreSQL suka gano cewa shekara da shekaru suna kan zaton da ba daidai ba. Sun ɗauka idan fsync ya gaza, za a iya sake kiran sa, idan na biyun ya yi nasara to bayanin ya shiga. Alhali a Linux, da zarar rubutun ya gaza, kanel yana iya ɗaukar shafukan a matsayin waɗanda aka gama da su, ya faɗi kuskuren sau ɗaya, kira na biyu kuma ya dawo da nasara ba tare da an rubuta komai ba. Kafin sigar Linux ta 4.13 ta 2017 ma, wata manhajar daban da ta riga ka kiran fsync a kan fayil ɗin tana iya karɓe labarin kai ba ka ji ba, sai a wannan siga aka gyara yadda kowane mai riƙe da fayil a buɗe zai ji nasa. Matakin da PostgreSQL ya ɗauka a sigogin da ya fitar a Fabrairun 2019 shi ne, idan fsync ya gaza, rumbun ya tsaya cak, ya sake tashi ya gina bayanansa daga kundin da yake rubutawa tun kafin ya taɓa ainihin fayilolin. Ina ganin wannan darasi ya fi kowane amfani ga mai ƙaramar manhaja: gazawar fsync ba abin sake gwadawa ba ce, abin tsayawa ce a ɗauka cewa abin da ke hannu bai shiga ba. Saboda haka ne ma na daina rubuta lissafi a fayil da hannuna, na koma SQLite, wani ƙaramin rumbun bayanai, wanda ke kiran fsync a inda ya dace, ya kuma mayar da kuskuren a matsayin SQLITE_IOERR. Aikina ya rage in duba amsar, kada in haɗiye ta.

Hanya ta biyu ita ce sigina, wato saƙon katsewa da kanel ke aika wa manhaja, kuma ta fi kama da bugun ƙofa da tsakar dare. An samar da ita ne domin akwai kuskuren da ba shi da ɗan aiken da zai dawo da shi. Idan manhaja tana karanta wani adadi daga RAM, ba ta tambayar kanel, furosesa ce ke ɗaukowa kai tsaye, don haka idan gurbin ya lalace babu wata amsa da za a saka lambar kuskure a ciki. Abin da ya rage wa kanel shi ne ya katse manhajar a duk inda take ya aika mata siginar da ake kira SIGBUS. A siga ta 2.6.32 da ta fito a Disambar 2009, aikin da Andi Kleen ya jagoranta ya shiga Linux, wanda ke ba kanel damar ya yi wa shafin RAM da ya lalace alamar guba, ya cire shi daga aiki, maimakon ya tsayar da kwamfutar gaba ɗaya. Shafi ɗaya bayit 4096 ne a mafi yawan kwamfutoci, kuma ana ganin jimillar waɗanda aka cire a layin HardwareCorrupted na fayil ɗin /proc/meminfo.

Abin da kanel zai yi ya danganta da abin da ke cikin shafin. Idan kwafin wani fayil ne da ke nan lafiya a faifai, sai ya jefar da shi ya sake karantowa, manhaja ba za ta ma san an yi ba. Idan rubutu ne da bai kai faifai ba tukuna, labarin yana biyowa ta hanyar farko, wato EIO. Idan kuwa bayanin cikin manhajar ne wanda ba shi da kwafi a ko'ina, sai sigina, kuma iri biyu ce. Mai alamar BUS_MCEERR_AR tana nufin manhajar ta riga ta kai hannu ga gurɓataccen bayanin, dole ta yi wani abu yanzu ko ta mutu. Mai alamar BUS_MCEERR_AO kuma gargaɗi ce, cewa an gano ɓarna a wani shafinki yayin sintirin da na'urar ke yi a RAM, ba ki taɓa shi ba tukuna. Wannan ta biyun ba a aika ta sai an nema, ko dai ga kwamfutar duka ta saitin vm.memory_failure_early_kill, wanda asalinsa a kashe yake, ko ga manhaja ɗaya ta kiran prctl da PR_MCE_KILL. Tare da siginar ana ba da adireshin wurin da girman abin da ya lalace. Idan ɓarnar ta faɗa a RAM ɗin da kanel kansa ke amfani da shi, galibi babu ceto, kwamfutar ce ke tsayawa.

A takarda wannan hanya tana da ban sha'awa, amma kuɗinta yana da yawa. Na farko, siginar tana zuwa ne a tsakiyar kowane irin aiki, kuma abin da aka yarda a yi a cikin mai karɓar sigina kaɗan ne ƙwarai, ko umarnan yau da kullum irin printf da malloc ba sa cikin halal. Na biyu, sanin adireshi bai isa ba, sai manhajar ta san mene ne ke zaune a adireshin da kuma inda za ta samo madadinsa, wanda ke nufin tun farko an gina ta da wannan niyya. Mai rubutu da Python ba ya ma samun adireshin ta hanyar karɓar sigina da aka saba, kuma mai karɓar nasa ba ya gudana a daidai lokacin da abin ya faru. Na uku, wanda ya fi muhimmanci a wurinmu, wannan ceto yana buƙatar RAM mai ECC da furosesar da ta iya tsira daga kuskuren da ba ya gyaruwa, abin da a furosesoshin Xeon na Intel ya fara bayyana a jerin 7500 a 2010 kuma har yanzu kayan manyan sabobi ne, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima. Waɗanda ke cin ribarta su ne irin QEMU, mai gudanar da kwamfuta a cikin kwamfuta, wanda ke karɓar SIGBUS ya miƙa labarin ga kwamfutar boge da ke gudana a cikinsa, da manyan rumbunan da ke riƙe da tarin bayanai a RAM waɗanda sake loda su zai ci sa'o'i. Manhajar awon riɗi tana sake tashi cikin daƙiƙa biyu. A wurinta, mutuwa da sake tashi daga faifai ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan mai karɓar sigina da aka rubuta da rabin sani, wanda zai iya ci gaba da aiki da gurɓataccen lissafi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wanda dai aikinsa ya kai ga buƙatar ta, yana iya gwada manhajarsa ba tare da jiran RAM ya lalace ba, ta kiran madvise da MADV_HWPOISON, a kan kwamfutar gwaji kuma da izinin mai gudanarwa.

Akwai wani wuri da SIGBUS ke shigo wa mutum ba tare da ya gayyace ta ba, kuma wannan ya shafi kowace kwamfuta, mai tsada da mai araha. Idan manhaja ta shimfiɗa fayil a RAM da mmap domin sauri, karatun fayil ɗin ya zama kamar karatun RAM, saboda haka idan faifai ya gaza babu EIO, sai sigina, kuma manhajar da ba ta shirya ba za ta faɗi. Masu SQLite sun bayyana wannan a fili cikin bayanansu, kuma a saitinsu na asali mmap a kashe yake. Shawarata ga mai tsohon faifai a ɗaki mai ƙura ita ce ya bar shi a kashen, domin saurin da zai samu bai kai darajar amsar da zai rasa ba.

Hanya ta uku ba ga manhajar take magana ba, ga mai gadi take magana. Kanel yana rubuta abin da ya gani, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a gefe tana karantawa tana tarawa. Ɓangaren EDAC, wanda ya shiga Linux a 2006, yana ƙirga kurakuran RAM a ƙarƙashin /sys/devices/system/edac/mc, inda ce_count ke nuna waɗanda aka gyara, ue_count kuma waɗanda suka gagara. A da mcelog ne ke tattara rahoton furosesa, amma tun sigar Linux ta 4.12 aka ayyana ƙofar da yake bi a matsayin tsohon yayi, yanzu rasdaemon ne ya fi karɓuwa, yana ajiye rahoton RAM da furosesa da layukan PCIe, a duba taƙaitawarsa da ras-mc-ctl. Ga faifai kuma akwai smartd, wanda ke tambayar faifan lafiyarsa, kuma a faifai mai juyawa lambobin da nake fara dubawa su ne 5, gurabun da aka riga aka sauya, da 197, waɗanda ke jiran sauyi, da 198, waɗanda suka gagara karantuwa. A Janairun 2022, sigar Linux ta 5.16 ta kawo FAN_FS_ERROR, wanda ke ba mai gadi damar ya yi rajista da kanel a sanar da shi nan take idan tsarin fayil ya ga ɓarna, ba sai ya riƙa tonon rubutun rahoto ba, kuma da ext4 aka fara.

Fifikon wannan hanya a kan sauran biyun shi ne ita kaɗai ke ganin abin tun yana tafe. Kuskuren da ECC ya gyara ba ya haifar da EIO ko sigina, domin babu abin da ya ɓata, amma yawansa alama ce. Binciken da Bianca Schroeder da abokan aikinta suka wallafa a 2009 a kan kwamfutocin Google ya nuna cewa sama da kashi 8 cikin 100 na sandunan RAM suna samun kuskure a shekara, kusan kashi ɗaya cikin uku na kwamfutocin suna ganin aƙalla kuskure ɗaya da aka gyara, kuma sandar da ta yi sau ɗaya ta fi kusa da ta sake. Wani binciken na Google a 2007, a kan faifai sama da 100,000, ya gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a binciken samansa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Sai dai binciken ya kuma nuna cewa kashi 36 cikin 100 na faifan da suka mutu ba su ba da wata alama ba sam. Mai gadi yana da amfani matuƙa, amma shirunsa ba shaidar lafiya ba ce. Ya kamata kuma a tuna cewa waɗannan alƙaluma daga ɗakuna masu sanyi da tsayayyiyar wuta suka fito, ba daga ɗakin kwano a watan Afrilu ba, lokacin da zafin Jigawa ke haura digiri 40, ko lokacin hunturu da ƙura ke toshe fanka cikin makonni.

Raunin hanyar shi ne wanda na gani da idona: rahoton da babu mai karantawa daidai yake da babu. Saitin smartd na yau da kullum yana aika wasiƙar imel, alhali a shagon Alhaji babu mai buɗe imel, intanet ɗin ma sai an fita bakin titi take kamawa sosai. Amma smartd yana yarda a ba shi wani umarni da zai gudanar idan ya ga matsala, don haka na haɗa shi da ƙaramin modem mai layin waya, ya riƙa aika gajeren saƙo da Hausa zuwa wayata da ta babban ɗan Alhaji. Masu amfani da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi suna da ƙarin abin lura da ya dace da masu sola: idan ƙarfin wutar da ke shiga ya sauka ƙasa da bolt 4.63, kanel yana rubuta gargaɗi, ana kuma iya tambaya da vcgencmd get_throttled. Raunin wuta da asuba, lokacin da batir ya yi ƙasa, yana cikin abubuwan da ke ɓata katin ajiya, kuma babu wata amsa ko sigina da za ta gaya wa manhaja wannan.

Masu Windows ba su fita daga wannan rabo ba, sunaye ne suka sauya. Tsarin WHEA, wanda ya zo da Windows Server 2008 da Vista SP1, yana rubuta kurakuran kayan ƙarfe a kundin abubuwan da suka faru, kuskuren da ya gagara kuma yana ƙarewa da shuɗin allo mai lamba 0x124. Karatu da rubutun fayil suna mayar da lambar kuskure kamar yadda Linux ke yi, FlushFileBuffers shi ne takwaran fsync, fayil ɗin da aka shimfiɗa a RAM kuma yana jefo EXCEPTION_IN_PAGE_ERROR a madadin SIGBUS. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya sauya babbar manhajarsa saboda wannan batu kaɗai ba.

Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa. Duk hanyoyin nan uku suna isar da kuskuren da aka gano ne. A kwamfutar da RAM ɗinta ba shi da ECC, wato kusan duk laftof da ƙananan kwamfutocin da muke sayowa na hannu daga Kano, bit ɗaya yana iya juyawa, nauyin buhu ko kuɗin manomi ya sauya, a rubuta shi a faifai, fsync ya dawo da nasara, babu wanda ya ji komai. Ko RAM nau'in DDR5, da ake cewa yana da ECC a cikin ƙwayarsa, gyaran cikin gida yake yi, ba ya maye gurbin cikakken ECC da ke kai rahoto ga kanel. Haka ext4 yana sa hatimin lissafi a kan bayanan tsarinsa ne kawai, ban da abin da ke cikin fayil, alhali tsarin fayil irin btrfs da ZFS suna sa wa bayanin kansa, idan kuma abin da faifai ya dawo da shi bai dace da hatimin ba, kuma babu kwafi na biyu, sai su mayar da EIO. Ta haka ake mai da ɓarnar da ke shiru ta zama mai magana ta hanyar farko. PostgreSQL ma yana da nasa hatimin shafuka tun siga ta 9.3 a 2013, SQLite kuma yana da PRAGMA integrity_check da ke binciken tsarin rumbun.

Da na yi wa Alhaji wannan bayani sai ya ce, “To Malam, mu sayi babbar kwamfutar mana, kuɗin ba zai gagara ba.” Sai na ɗauki biro na yi masa lissafin wuta a bayan takardar awo. Tsohuwar saba da ke cin wat 100 dare da rana tana shan wat-awa 2,400 a awa 24, wanda shi ne duk abin da batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 ke ɗauka a cike, kuma batirin ruwa ba a son a sauke shi ƙasa da rabi. Ƙaramar kwamfutarsa ba ta kai wat 20 ba. Sabar za ta kawo ECC, amma za ta kawo zafi, da ƙarar fanka mai zuƙar ƙura, da yawan ɗaukewar wuta ba shiri, wanda shi kansa babban mai ɓata bayanai ne. Ga asibitin da ke da isasshiyar sola, kuma kuskuren adadin magani zai iya taɓa rai, zan ba da shawarar ƙaramar saba mai tsayuwa irin ta ofis da RAM mai ECC, a sa mata rasdaemon, a sauya duk sandar da ce_count ɗinta ke hauhawa. Ko a can ba zan rubuta mai karɓar SIGBUS ba, zan bar systemd, mai kula da tashin manhajoji a Linux, ya sake tayar da manhajar idan ta faɗi. Ga shago da makaranta kuwa, kuɗin ya fi amfani a faifai na biyu da batir mai lafiya.

Abin da muka tsaya a kai a shagon ke nan. Na sake rubuta manhajar a kan SQLite, mmap a kashe, ba ta nuna “an adana” sai rumbun ya amsa, idan kuma ta samu kuskuren faifai ko sau ɗaya sai allon ya koma ja da rubutun cewa a koma littafi a kira Malam, kuma ba ta sake karɓar awo sai na zo. Sabon faifan yana kan btrfs, ana bi ta kansa da binciken hatimi duk wata, smartd yana aika saƙon waya, kuma kowane dare bayan sallar isha'i ana kwafe rumbun zuwa faifai na biyu da ɗan Alhaji ke tafiya da shi gida. Awon da ya ɓata a waccan Alhamis kuwa sai da muka kwana biyu muna haɗa shi daga guntayen takardun da ake ba manoma a bakin sikeli, yaran suna bin su gida-gida a kan babur suna karɓowa, ni da Alhaji muna zaune a tabarma muna shigarwa ɗaya bayan ɗaya.